Ƙusa ta Huɗu a Allon Baba

Ƙarfe mai kyau yana da murya. Idan ka saki tsohuwar sifana ta kwance noti a kan siminti, irin wadda aka ƙera tun zamanin motoci masu bodin katako, za ka ji ta yi wata ƙara siririya mai tsawo, kamar ba ta son yin shiru. Ta yanzu kuwa tim take faɗuwa kamar dutse, shi ke nan. Wannan murya ce ta tsayar da ni wata safiyar Alhamis a layin 'yan gwanjo, lokacin da wani mai baro ya zazzage buhun ƙarafa a gaban wata rumfa. A cikin duk hayaniyar da ƙarafan suka yi, guda ɗaya ta yi waccan ƙara, ni kuma na tsaya da sandata a tsakiyar hanya har wani ɗan acaɓa ya gaji da danna mini hon ya kewaye ni.

Kafin in gaya maka abin da na tsinta a buhun nan, mai karatu, ya kamata ka san abin da ke kai tsoho mai ciwon gwiwa cikin tsatsa da baƙin mai. Shekara shida ke nan da na dawo Gombe, bayan na ƙarar da ƙarfina a ƙasashen mutane. Na gina ɗan gida a Kagarawal, ɗaki uku. Mai ɗakina ta rasu shekara guda da dawowarmu, 'ya'ya kuma kowa na inda abincinsa yake, sai dai waya ranar Juma'a. A ɗaki guda nake kwana, na biyu na baƙin da ba sa zuwa ne, na ukun kuwa kayan kanikanci ne jere a kan tabarma: sifanoni, filaya, guduma, sukundireba masu ƙotar katako, duk tsofaffi, duk na gwanjo. Na daina gyaran mota, idanuna ba su kai ba. Sayo su nake yi in jiƙa a kananzir kwana biyu, in goge da tsumma, in shafa musu mai, in ajiye. Maƙwabta sun ɗauka tsufa ne ya zo mini ta wannan hanya, ban kuma ƙaryata su ba.

Masu rumfuna sun san ni. Wani lokaci tausayi kan kama ɗayansu ya ce, "Baba, wannan fa kondem ce, ba notin da take shiga." Gaskiyarsa ne. Motocin Ingila da aka ƙera ta dominsu sun daɗe da ƙarewa, lambar da ke jikinta ma ba faɗin bakinta take nufi ba, kaurin ƙarfen da notin ke hawa ne, shi ya sa makanikan yanzu in sun gwada sau ɗaya sai su yar. Wadda ban saya ba, sikelin 'yan bola jari za ta hau, daga nan a loda ta a tirela a kai inda za a narke ta a yi rodi. Amma ni kafin in tambayi kuɗi, babban yatsana nake bi da shi ta wuyan ƙarfen. Kowane tsohon makanike yana da shaidarsa da yake yi da magagari don kada kayansa su cakuɗe da na wani. Ta mahaifina layi biyu ne a tsaye, na uku a karkace. A shekara shida na samo guda bakwai masu wannan shaida.

Garejin Baba, wato mahaifin nawa, yana Tudun Wada, tun unguwar ba ta cika haka ba, a gindin wata tsamiya da rumfar kwano a gefenta. Mutumin ƙasar Kano ne, motocin auduga ya biyo ya zo Gombe yana saurayi, ya ga aiki ya zauna. Ba shi da yawan magana. Layukan tafin hannunsa baƙaƙe ne ko ranar salla, duk da toka da sabulun salo da Inna ke ajiye masa a bakin ƙofa. Takan ce duk kwanon da ya ci tuwo a ciki sai ya kwana biyu yana warin giris. Shi kuma sai ya ce ai giris ɗin ne ya sayi dawar.

Da motoci muke gane lokutan shekara. Da kaka ake kawo su da sifirin a karye, saboda lodin audugar da ya fi ƙarfinsu, fararen zaruruwa na maƙale a kowane lungu na bodin, har a gashin kanmu. Da damina ruwa kan cinye hanyoyin nan masu yashi ya bar kwari, sai a jawo mota da laka har wuya, mu yara mu yini muna kankarewa kafin a ga inda ciwon yake. Da bazara kuwa ƙarfe ba ya taɓuwa. Akwai wani bokiti na ruwa a gindin tsamiya, a ciki ake tsoma sifana ta huce kafin a miƙa. Har yau in na ji warin ƙarfe mai zafi da ya shiga ruwa, sai in ji kamar tsamiya na zubo mini ganye a ƙeya.

Ina da shekara bakwai na fara da wankin notuna a kwanon kananzir bayan an tashi daga makarantar allo. Da na ƙara girma aka ba ni miƙa kaya. Baba yana kwance ƙarƙashin mota a kan buhu, ba abin da kake gani sai ƙafafunsa, sai kawai hannu ya fito a buɗe. Ba ya cewa ga abin da yake so. Kai za ka san inda ya kai a aikin, ka san abin da zai biyo baya. In ka miƙa wanda ba shi ba, ba ya faɗa, ba ya jifa. Sai ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya sake buɗe hannun. Na sha duka a makarantar allo, amma ban tuna wanda ya yi mini zafin wannan ajiyewa ba.

A jikin rumfar kwanon akwai allon kaya. Katako ne na bodin wata tsohuwar mota, an shafe shi da koren fenti, an kafa masa ƙusoshi layi huɗu, an kuma zana siffar kowane abu da farin fenti a inda ake rataye shi. Kafin magariba kowane ƙarfe sai ya koma kan zanensa. Ba mai taɓa buta sai Baba ya tsaya gaban allon ya bi shi da ido daga sama har ƙasa.

Allon yana da doka biyu, kuma dole in bayyana maka su, don a kansu rayuwata ta rataya. In abu ya ɓata ko aka sace, Baba yakan ba shi kwana bakwai. Ranar ta bakwai sai ya sa filaya ya zare ƙusar, ya kankare zanen, ya bar rami. Ba ya sake kafa wata a wurin, ba ya kuma sake ambaton abin, ko wanda ya ɗauke shi in an san shi. Akwai wani da ya gudu da guduma ina ƙarami, har na bar gida ban ƙara jin sunansa a bakin Baba ba. In kuwa mai koyo ya ƙware za a yaye shi, Baba ba ya zuwa kasuwa ya sayo masa sabon abu. Daga allonsa yake cirowa, cikin waɗanda hannunsa ya goge, ya ba shi a gaban kowa. Sannan ya warware jar waya daga tsohon koyil na mota ya naɗa wa ƙusar sau uku. Wannan ƙusa ta zauna ke nan haka, ba a zare ta, ba a kuma rataya mata wani ƙarfe. Direbobi sun iya karanta allon. Wani in ya tambaya, sai Baba ya nuna ƙusa da haɓa ya ce, wannan yana Kumo, wannan yana Numan.

Babba cikin masu aiki da Baba wani Batangale ne daga kudancin Gombe, Yaya muke ce masa. An yaye shi ina ɗan shekara goma sha biyu, aka ba shi filaya, amma ya ƙi tafiya, ya ci gaba da aiki a gefen maigidansa. Ya ƙara tasa shaidar a jikin filayar, ɗigo ɗaya kusa da layukan Baba. Da yake Kirista ne, shi ke tsaron gareji ranar Juma'a in an tafi masallaci, mu kuma mu riƙe masa aikinsa ranar Lahadi. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, haka dai muka taso muka gani. Shi ya koya mini ƙirga da yarensu, shi ya kuma laƙaba mini "hannun biredi", wai tafina ya yi laushi da yawa.

Ina da shekara goma sha shida wani direba mai zuwa Fort Lamy, wadda yanzu ake ce wa Njamena, ya ce yana neman yaron mota da ya iya gyara. Na sami Baba na ce ya yaye ni. A makon nan kuwa na yi gaggawa na sa sifanar da ta fi noti girma, na murɗa da ƙarfi har na cinye masa gefuna, aka yini ana fama kafin ya fita. Baba ya laluba aljihu ya ciro wannan noti, ya sa mini a tafi ya rufe yatsuna a kai.

"Da saura," ya ce. "Sai ka daina sauri."

Ranar Juma'a na ce cikina na ciwo. Da kowa ya tafi masallaci na je gaban allon. A layin sama akwai sababbin sifanoni masu ƙyalli da aka kawo daga Jos ba da daɗewa ba. Ban kalle su ba. Na miƙa hannu layi na uku, ƙusa ta huɗu, na ciro tsohuwar da Baba ya fi kira da hannu, wadda bakinta ya yi sumul don aiki. Yaya yana zaune a kan taya yana ɓare gyaɗa, yana kallona.

"Ɗan Maigida, ka mayar kafin a sauko."

"Zan mayar."

"Yaushe?"

Na sa ta a aljihu na fita. Motar tana jira a bakin hanya, ana saukowa daga masallaci muka kama hanyar gabas. Kwana bakwai bayan haka muna kafe a laka kusa da iyaka, rana na faɗuwa, sai na ga Baba a zuciyata tsaye gaban allon da filaya a hannu. Na ji fitar ƙusar kamar ina wurin. Daga ranar ban ƙara shakka ba cewa rami ne a gurbina.

Na yi yawo, mai karatu. A Fort Lamy na koyi Larabcin kasuwa da Faransanci. Fillancin da na tashi da shi a Gombe ya ciyar da ni a Marwa da Garwa. Na zauna Kumasi, na zauna Omdurman, na kuma daɗe a Jidda. Duk garin da na sauka, kafin in ga masallacinsa ko kasuwarsa, sai na lura da yadda makanikansa ke ajiye kaya. A Kumasi mutum zai ƙera sifana da hannunsa daga karyayyen sifirin, ranar yaye kuma a yi ci da sha a zuba wa yaro farar hoda a ka. A Omdurman kayan na cikin akwatin ƙarfe, mai shi na zaune a kai yana shan shayi, sai ya ɗaga kafin ka sami ko sukundireba. A Jidda kayan na kamfani ne, wanda ya lalace a jefar a kawo sabo, ba mai ɓata lokacin yi masa shaida. Ban ga inda ake naɗa wa ƙusa waya ba sai wurin Baba. Sifanar kuwa tana aljihuna duk wannan tafiya. Na san sunanta da harshe biyar, amma ban taɓa gaya wa kowa da ko ɗaya daga ciki yadda ta zo hannuna ba.

Nakan aika saƙo gida ta hannun direbobi da alhazai: turare, darduma, agogo. Amsa daga Inna take zuwa, a ƙarshe a ce Babanka yana gaishe ka, ni kuma in ce a raina Inna ce ta ƙara don ta kwantar mini da hankali. Kowace shekara sai in ce baɗi zan je. Ba kuɗin mota na rasa ba. Tsoron tsayawa gaban allon nan nake yi in ga ramin da idona. Haka shekara goma sha tara ta wuce, har wani alhaji ɗan unguwarmu ya tare ni a Jidda ya yi mini gaisuwar rasuwar Baba, wadda ban san an yi ba, wata biyu da yinta.

Da na iso an riga an raba gado. Magada da yawa, ba makanike ko ɗaya a cikinsu. Don kada a zalunci kowa, sai aka shimfiɗa tabarma aka jera kayan aka raba su ɗai-ɗai kamar goro. Ba wanda ya san cewa sifanoni jeri ne, ƙarama na bin babba, in ka raba su ka kashe su duka. Ƙannena mata kowace ta tafi gidan mijinta da guda, wata ta fasa goruba da tata, wata ta tokare taga, daga baya masu sayen ƙarfe suka bi gida-gida suka kwashe. Ni guduma aka ware mini, Inna ta ajiye a ƙarƙashin gado. Na tambayi allon, aka ce ai katako ne, wataƙila an hura wuta da shi. Yaya kuma aka ce ya koma garinsu. Ba zan ɓoye maka ba, sanyi na ji a raina da aka ce allon ya ƙone. Na yi mako biyu na sake tafiya.

Sai da na tsufa na gane rashin sani bai fi sani sauƙi ba. Shi ya sa da na dawo na shiga bin gwanjo. Na ce ko ba allo, in na tara 'yan'uwanta, sai in ajiye sifanar a tsakiyarsu, in ce na mayar.

To, mu koma safiyar Alhamis. Mai muryar da ta tsayar da ni ba ta Baba ba ce, shaidar wani ce da ban sani ba. Amma a ƙarƙashinta akwai wata filaya da tsatsa ta rufe. Na bi wuyanta da yatsa: layi biyu a tsaye, na uku a karkace, ga kuma ɗigo a gefe. Na nemi benci na zauna.

"Daga ina buhun nan?" na tambayi mai rumfar.

"Wata malamar makaranta ce a Pantami, Baba. Wai kayan tsohonta ne. Ya makance, kullum yana laluben su yana yanke hannu."

"Yana da rai ke nan?"

"Ni dai ƙarfe na saya, ban tambaya ba. Ga wanda ya ɗauko, ya san gidan."

Mai baron ya kwatanta mini. Na sayi filayar na kai gida na jiƙa ta, na ce wai sai ta yi tsabta zan je. Kwana uku ina goge abin da ya riga ya gogu. Ranar Lahadi da la'asar, lokacin da na san an dawo daga coci, na sa filayar a aljihu ɗaya, sifanar a ɗayan, na tafi Pantami.

Malamar ce ta buɗe, mace mai kamar shekara hamsin da tabarau. Ta rusuna ta gaishe ni ta ce, "Wa za a ce, Baba?"

"Ki ce ɗan maigidansa ne."

Yana zaune a baranda a kujerar roba, ya rame, idanunsa sun yi fari, amma kafaɗun nan da ke ɗaga giyabos na mota suna nan. Kafin ta gaya masa ko wane ne, na sa masa filayar a hannu. Babban yatsansa ya tafi wuyanta kai tsaye, ya tsaya a kan ɗigon. Ya sake shafa shi. Sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, ban ce miki ban da wannan ba?"

"Baba, ai duk iri ɗaya ne a idona."

"Iri ɗaya. Kin ji ta, wai malama." Ya miƙo hannu yana lalube har ya kama wuyan hannuna, ya juya tafina ya shafa. "Wane ne?"

"Ni ne, Yaya."

Ya sake bin tafina da yatsunsa. Sai na ga bakinsa ya motsa.

"Hannun biredi," ya ce. "Sai yanzu aka sauko daga masallacin?"

Muka yi dariya irin ta tsofaffi, wadda ke ƙarewa da tari. Malamar ta kawo kunun gyaɗa. Ya lissafa mini waɗanda muka yi aiki tare, na Kumo, na Numan, direban da ya tafi da ni, duk sun riga mu. Ya ce garinsu ya zauna har idanu suka tafi, sannan 'yar ta ɗauko shi. Na yi ta kewaye-kewaye, ina tambayar gona da jikoki, har kunun ya huce. Daga ƙarshe na ce, "Yaya, allon nan, an ce an ƙone shi."

"Wa zai ƙone shi? Ranar rabo ba wanda ya ko kalle shi, sai na ɗora a kai na tafi. Yana ɗakina. Ke, kai shi ya gani."

Yana jingine a bango saitin gadonsa. Koren ya koɗe, farin zanen ya zama ruwan ƙasa, amma ana gane kowace siffa. An mai da ƙusoshin maratayi: ga hula, ga ƙaramar rediyo, ga jakar zuwa coci. Na ga ramin gudumar nan da aka sace ina ƙarami, da kankararren wurinsa. Na gangara da ido layi na uku. Ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu wata baƙar leda ce ta magunguna a rataye, ta rufe wurin. Na tsaya ina kallon ledar. Hankali ya gaya mini leda ba ta rataya a rami, amma na ce ai ana iya kafa sabuwar ƙusa daga baya.

"In cire miki... in cire maka, Baba?" in ji malamar, ita ma ta rikice ganin yadda na tsaya.

"Bari, 'yata. Ni zan cire."

Na sauke ledar. Ɗakin ba haske sosai, idanuna kuma ka san halinsu, don haka yatsa na sa. Ƙusar tsohuwa ce, mai faffaɗan kai irin na sauran. A gindinta na ji waya, ta yi baƙi ta manne da ƙarfen. Na bi ta da farce. Naɗi ɗaya, biyu, uku.

Yaya ya biyo bango ya tsaya a bakin ƙofa, filayarsa a hannu.

"Kwana bakwai yana tsayawa a nan gaban kafin magariba," ya ce. "Ranar ta bakwai ya karɓi filayar nan tawa. Na ce shi ke nan. Sai ya tambaye ni wacce ka ɗauka, alhali yana gani. Na ce tsohuwar. Ya ce sababbin fa? Na ce suna nan, ko taɓawa bai yi ba. Ya ce, to, ya san ƙarfe. Sai ya ce in warwaro masa waya."

"Bai ƙara cewa komai ba?"

"Ka san shi. Amma duk direban da ya fito daga gabas sai ya nuna masa ƙusar nan da haɓa, ya ce wannan yana Fort Lamy, ko ka gan shi. Har ka bar can yana faɗin haka, ko da saƙonka ya fara zuwa daga wasu garuruwa."

Na ciro sifanar daga aljihu. Ta bugi katakon kafin ta sami ƙusar. Kunnen makaho bai bar wannan ya wuce ba.

"Me kake yi?"

"Mayarwa nake yi, Yaya."

"Ba a mayarwa. Yawon duniya ya mantar da kai? Ƙusar da aka naɗa wa waya ta gama da ƙarfe. Taka ce. Mayar mini da ledar maganina dai, nan ne wurinta, kada in laluba in rasa."

Na mayar da ledar.

Lahadin da ta biyo na kai guda bakwai ɗin da gudumar da Inna ta ajiye mini, muka sauke hula da rediyo, kowane ƙarfe ya hau zanensa. Har yanzu fiye da rabin allon fanko ne, kuma na san yawancin sauran sun daɗe da zama rodi a cikin ginin wani. Duk da haka ina zuwa gwanjo ranar Alhamis, Lahadi kuma ina Pantami. Ba ma yawan hira. Yakan yi gyangyaɗi da filayar a cinya, ni kuma in zauna ina kallon bango har a kira la'asar sakaliya in kama hanya.

Na bi ta Tudun Wada kwanan baya. An sare tsamiyar, shagunan waya ne a wurin, da mai sayar da taliya. Gaba kaɗan akwai gareji, na tsaya na kalli aikinsu. Wata na'ura suke jona wa mota ta gaya musu ciwonta, kuma suna gyarawa da kyau, ba zan rage musu ba. Na duba kayansu ban ga shaida ko ɗaya ba. Wanda ya karye a sayo wani.

Abin da nake juyawa a raina yanzu, in na koma Kagarawal na rufe ƙofa, ba satar ba ce. Shekara goma sha tara ce. Wayar tana kan ƙusar tun makon farko, mutumin yana zaune a gindin tsamiya yana tambayar direbobi, ni kuma ina can ina gudun ramin da ba a taɓa yi ba. Shi ya ce mini in daina sauri, sai na daina a wuri ɗaya tak, inda ya kamata in yi shi.

Sifanar tana nan. Duk faɗin Gombe ban san notin da za ta kama ba, ba ni kuma da wanda zan yaye in ba shi. Wani lokaci kafin magariba, in gidan ya yi tsit da yawa, nakan fito tsakar gida in sake ta a kan siminti. Sai ta yi ƙarar nan siririya mai tsawo, in tsaya ina saurare har ta ƙare. Daga nan in dafa sanda, in sunkuya a hankali, in ɗauki abata.